Miyar wata Hajiya a Jidda: kuka ta cika, taushe da saura

Watanni huɗu ke nan ina sayen miya a wajen wata Hajiya da ke girki a gidanta a kudancin Jidda, kuma duk inda muka haɗu da 'yan uwa mata, a suna ko walima, sai an tambaye ni ko abincin ya kai yadda ake zuzuta shi. Na ga ya fi dacewa in rubuta amsar sau ɗaya, dalla-dalla, in huta da maimaitawa. Wurin ba shi da kujeru, ba shi da allo a ƙofa. Madafar gida ce, irin sana'ar da a nan Saudiyya ake kira usar muntija, wato iyalai masu sarrafa abin sayarwa a cikin gidajensu. Ana aika saƙo ta WhatsApp, a biya ta banki ko hannu da hannu, sannan mutum ya je ya karɓa ko a aiko masa da direba. Ba zan ambaci sunanta ba domin ba ta nemi talla ba, kuma Hausawan da rusau ɗin ƙarshen 2021 da 2022 ya tarwatsa daga tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil, da yawansu sun riga sun san wadda nake nufi.

Haihuwa ce ta haɗa mu. Na sauka a watan Janairu, takardun tafiyar mahaifiyata ba su kammala da wuri ba, maigidana kuwa iyakar saninsa a madafa shi ne dafa shayi da soya ƙwai. Kwana uku ya yi yana shigo mini da shinkafar bukhari da kabsa da ful da tamis daga shagunan bakin titi. Abinci ne mai kyau a muhallinsa, amma duk macen da ta taɓa jego ta san abin da jiki ke nema a waɗannan kwanaki shi ne romo mai zafi da yaji da tuwo mai laushi. A rana ta huɗu wata maƙwabciyata 'yar Gusau ta aiko mini da kwanon farfesun rago daga wajen Hajiyar. Da naman tumakin Sudan aka yi shi, waɗanda mahauta a nan ke kira sawakni, an haɗa da ƙashi mai ɓargo, ruwan bai yi yawa ba, kuma citta da kanumfari da masoro da kimba duk sun fito ba tare da wani ya danne wani ba. Na sha na yi gumi, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin naƙuda. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin mai karatu ya san cewa ina da bashin alheri a wuyana, ya auna yabona da wannan ma'auni.

Hajiyar haifaffiyar Makka ce. Ta ce kakarta ta taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ta ratsa Chadi, ta yi shekaru a Mai Wurno, garin nan na gefen Shuɗin Nilu kusa da Sennar wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, daga bisani ta ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin. Hausarta tana gauraye da Larabci, kuma haka tukunyarta take: akwai hannun Katsina a ciki, akwai na Sudan, akwai na Hijaz. Wanda ya zo da tsammanin komai zai yi daidai da girkin gidansu na Kano ko Zariya, gara ya san haka kafin ya tura kuɗinsa.

Abin da na fahimta bayan na ɗanɗana kusan duk abin da take dafawa shi ne, miyar da kayanta ke zuwa busassu daga gida tana fitowa cikakkiya a hannunta, ita kuwa miyar da sai an nemo wa ganyenta madadi a kasuwar Jidda, a nan nisan ƙasa ke bayyana. Kuka ce babbar shaida ta farko, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Kukarta tana zuwa ne a jakunkunan masu Umara da alhazai daga Kano da Katsina, kuma ba kowace take karɓa ba. Na ga ta buɗe wani ƙulli da aka kawo mata, ta shinshina, ta murza kaɗan tsakanin yatsa biyu tana neman yashi, ta kai bakin taga ta duba launin. Ta mayar da shi, ta ce a rana aka shanya ganyen. Kukar da aka shanya a inuwa ita ke riƙe korenta da yauƙinta, wadda rana ta buga kuwa takan koma ruwan ƙasa, kuma idan aka daka ta da itatuwan ganyen ba a tsince ba sai miya ta yi ɗaci-ɗaci. Duk wanda ya sayi kuka a shagunan kayan Afirka na garin nan ya san sau nawa yake dacewa da irin wannan ta biyu, wadda ta yi shekara a kanta ba wanda ya san ranar zuwanta.

Bayan na yi arba'in na je karɓar miya da kaina, na riski tukunyar ba ta sauka ba, ta ce in shigo in zauna. Tun wajen sa'a biyu kafin zuwana ta ɗora ƙashi da nama da albasa, ta zuba daddawar da ta daka da citta da barkono, da ɗan dakakken wake tafin hannu guda, sannan daga baya ta sa bandar kifi da ta gyara ta cire ƙaya. Da romon ya kama jikinsa sai ta tsame naman duka a kwano, ta rage wuta har ta kusa mutuwa, ta kira jikarta. Yarinyar na barbaɗa garin kuka kaɗan-kaɗan, ita kuma tana murza maburgi tsakanin tafukanta ba tsayawa, idonta a kan tukunya, tana cewa ƙara, dakata, ƙara. Ba gudaji ko ɗaya. Da ta ɗaga maburgin, miyar ta biyo shi kamar zare ta koma a hankali. Na miƙa hannu zan rufe mata tukunyar, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"A'a 'yata, bar ta a buɗe. Kuka ba ta son murfi, in kin rufe ta sai ta taso ta tsinke."

Na ce, "Hajiya, ba kya sa mata kanwa?"

Ta ce kanwa ta kuɓewa ce da lalo, su ma ɗan ƙanƙane, kuka mai kyau ba ta bukatar a taimaka mata. Ta bar ta minti kaɗan a kan ƙaramar wutar don gafin ɗanyen gari ya fita, ta mayar da naman, ta sauke.

Ni ma na iya miyar kuka, tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake kaɗa ta a gidanmu, don haka ba na yabon ta wani da sauƙi. Tata ta fi tawa, kuma na san dalili: romon. Yawancinmu a nan, saboda aiki da yara da ƙarancin lokaci, mukan tafasa ruwa da dunƙule biyu ko uku mu kaɗa kuka mu ce mun yi miya. Ita tana barin ƙashi ya ba da abin da ke cikinsa, waken kuma ya narke ya ba miyar jiki, ta yadda ko ba nama a cikin lomar mutum yana jin nama. Tana sa dunƙule, ban ce ba ta sawa ba, amma guda ɗaya a babbar tukunya, kuma ba ya kai ga irin ƙishirwar da kan tashi mutum tsakar dare bayan ya ci miyar wasu wuraren.

Daddawarta ta kalwa ce ta asali, wadda aka dafa 'ya'yan ɗorawa aka sussuke aka rufe kwanaki suka ruɓa kafin a daka a shanya, kuma ƙamshinta ya isa shaida. A gidajen bene irin na Jidda, inda ƙofa ke kallon ƙofa, wannan ƙamshi kan jawo magana daga maƙwabtan da ba su san shi ba, shi ya sa take ajiye ta a kwalba mai murfi cikin firiza, ba ta kuma daka ta sai taga na buɗe. Man shanun kuwa samin ne na nan ƙasar, wanda take sake soyawa da albasa. Bai kai na Fulanin gida ƙamshi ba, akwai wani ɗan tsami-tsami na man da aka kaɗa daga kindirmo da babu shi a ciki, amma ya kusa, kuma na ji daɗin yadda take zuba shi a ƙaramin mazubi daban don kowa ya sa gwargwadon son ransa.

Busasshiyar kuɓewa ma haka take, ba ni da abin cewa sai yabo. A nan da Sudan garinta ake kira weka, kuma ba ya wahalar samu ko a wajen masu kayan ƙamshi na Bab Makka. Idan aka nemi miyar, takan tambaya ta Hausa ko ta Sudan. Ta Hausa da daddawa da kifi take yi. Ta Sudan kuwa da soyayyar albasa da tumatir da dakakken busasshen nama da suke kira sharmut, irin wadda ake ci da asida ko kisra. Maigidana ya fi son ta biyun, ni na fi son ta farko, mun daina gardama a kai.

Sai taushe, inda zan yi ƙorafi. Sau uku na saya, sau biyu ban gamsu ba. Miyar taushe a kan abu huɗu take tsaye, kabewa da alayyahu da yakuwa da gyaɗa, kuma a tukunyar Hajiya uku daga cikinsu aro ne. Kabewar da ake samu a nan, wadda mutanen Hijaz ke kira dubba, ta fi tamu zaƙi da ruwa, sai miyar ta karkata wajen zaƙin da bai dace da ita ba. A madadin alayyahu tana sa sabanik, ganye mai laushi da ba ya jure wuta. Kafin miyar ta iso gida ya narke ya zama kore-kore a cikin ruwa, babu abin taunawa. Yakuwa kuwa babu ita sam, sai ta matsa lemon tsami a ƙarshe, alhali tsamin yakuwa a cikin miya yake dahuwa ya ratsa gyaɗar ya rage mata nauyi, shi kuwa na lemo a sama yake tsayawa, harshe ya ji shi daban ya ji miyar daban. Gyaɗar ma niƙaƙƙiya ce ta Sudan, wadda suke kira dakwa, sunan da kan rikita Bahaushe sabon zuwa ya yi zaton dakuwar aya ake nufi. An soya ta sosai kafin a niƙa, don haka takan fitar da mai ya taru a saman kwano, ɗanɗanonta kuma ya rufe na kabewar.

Na gaya mata, cikin ladabi, domin ta girme wa mahaifiyata. Ba ta ji haushi ba, ta ce ita a haka ta taso ta ga ana yi a gidansu a Makka, ba ta taɓa cin taushen ƙasar Hausa a ƙasar Hausa ba. Wannan amsa ta rage mini zafin ƙorafin, amma ba ta gyara miyar ba. A karo na uku ta dace da alayyahu na gaske a wajen masu sayar da ganye 'yan Indiya da Bangaladash, waɗanda kan kawo shi jefi-jefi, kuma bambancin ya fito fili tun daga lomar farko. Ra'ayina shi ne ta daina sayar da taushe sai ranar da ta samu wannan ganye, ta kuma sa a riƙa haɗo mata busasshiyar yakuwa ko farin zoɓo a cikin saƙon da ke kawo kuka, tunda hanyar ɗaya ce. Kafin ta yi haka, ba zan ba baƙon da ya zo daga gida taushenta in ce masa ga taushe ba.

Lalo shi ne ɗanyen ganyen da bai ba ta kunya ba, kuma dalilin a bayyane yake: ba aro ba ne. Shi ne mulukiyyar da Misrawa da 'yan Sudan da mutanen Hijaz ke ci, yana nan a kasuwa ɗanye shar kusan kullum. Su da soyayyar tafarnuwa da kuzbara suke ƙarasa shi, ita kuwa da daddawa da ɗan ruwan kanwa, sai ya dawo lalon da muka sani. Shurbar adas ɗinta, wato romon wani ƙaramin wake da ake sha a nan, ba ta da laifi, amma ba ta fi ta kowane shagon unguwa ba, ba sai an jira ta kwana guda ba.

Abin da ban zata ba shi ne shurbar alkama, wadda a nan ake kira shurbat habb. Da azumi ya kama ta fara yin ta kullum, kamar yadda gidajen Hijaz da yawa ba sa buɗa baki ba tare da ita ba. Tun dare take jiƙa ƙwayar alkamar, washegari ta dafa ta da naman rago da albasa da tumatir da kirfa da hel da shaiba, wannan busasshen tsiro mai kama da furfura da ake sawa don ƙamshi, har ƙwayoyin su fashe su ba romon kauri. Mutane da yawa yanzu sun koma shurbar shufan, wato oats, ta gwangwani domin cikin minti ashirin an gama, ita kuwa wannan sai an ba ta sa'o'i. Hajiya tana ƙara mata citta da masoro, abin da maƙwabtanta Larabawa ba sa yi da yawa haka, sai ta zauna tsakanin shurba da farfesu. Ina shayarwa a lokacin, kuma a ranakun da na samu ikon yin azumi babu abin da ya zauna mini a ciki lafiya bayan dabino da ruwa kamarta. Idan aka ce in zaɓi abu biyu kawai daga madafarta, kuka zan ɗauka da wannan.

Tuwonta na shinkafa da shinkafar Masar take tuƙa shi, mai gajeren ƙwaya da saurin laushi, kuma ya yi daidai, yana mulmuluwa ba ya wargajewa. Na dawa sai ranar Alhamis, da dawar Jizan, inda har yanzu ake noman dawa da gero a kudancin ƙasar nan, kuma shi ne abokin kukar na gaskiya. Abin da ba na so shi ne naɗe malmala a leda tana da zafi, domin takan yi gumi ta jiƙe ta waje.

Wajen kawowa ne aikin ke da rauni sosai. Ba ta da direba nata na kanta, duk wanda ya samu take ba wa saƙo. Wata rana na nemi a kawo da ƙarfe ɗaya na rana domin ina da baƙi daga Madina, miyar ba ta iso ba sai bayan la'asar, ta huce, kukar ta saki ruwa, murfin robar ya buɗe a hanya har man shanun ya malale a cikin leda. Baƙin nan shinkafar shago suka ci. Ta ba ni haƙuri ta kuma ƙi karɓar kuɗin kai saƙon, amma robobin har yau su ne, marasa kauri, masu murfin da ba ya kamawa. Amsa saƙo ma sai an yi haƙuri, domin wayar tana hannun jikarta, ita kuwa sai ta dawo daga makaranta. A goman ƙarshe na azumi, da masu Umara suka cika gari saƙonni suka yi mata yawa, na ga hannunta ya sauya: sau ɗaya gishiri ya zarce, sau ɗaya naman bai gama laushi ba. Mace ɗaya ce da jika ɗaya da murhu mai kai huɗu, kuma ba ta iya cewa a'a ba idan aka roƙe ta.

Game da kuɗi, kwanon kuka ko kuɓewa da nama, wanda ke isar mutum uku, Riyal 30 nake biya, farfesu Riyal 40, malmalar tuwo Riyal 4, kai saƙo kuma tsakanin Riyal 15 da 25 gwargwadon nisa. Wanda ya tsaya juya Riyal zuwa Naira ba zai ci abinci a ƙasar nan ba, don haka da farashin Jidda nake aunawa, kuma a wannan ma'auni bai yi tsada ba idan aka dubi kuɗin naman rago da wahalar shigo da daddawa. Kuɗin direban ne ke ɓata lissafin ga mai sayen kwano ɗaya, shi ya sa ni da maƙwabciyata muke haɗa saƙonmu.

Ga mai son gwadawa, ya aika saƙo tun ana gobe, kuma in da hali ya je ya karɓa da kansa da kular gidansa. Idan miyar ta kwana, a ɗumama ta a tukunya a kan ƙaramar wuta da ɗan ruwan zafi, kada a bari ta tafasa da ƙarfi. Ɗumamen kukarta da tuwon dawa da safe ya fi na daren daɗi. Ni dai tun ranar da baƙina suka ci shinkafar shago na samo wata dabara: na roƙe ta ta riƙa sayar mini da romon kawai, da naman a ciki, ta ƙulla mini garin kukar daban. Da farko ta yi jim, ta ce ba a taɓa nemanta da haka ba, daga baya ta yarda, har ta auna mini da cokalinta yadda zan zuba wa kowane kwano. Romon na jure firiza, ba ya kuma damuwa da jinkirin direba, in na tashi sai in narkar da shi in kaɗa kukata da zafinta cikin minti goma, da maburgin da ta ba ni aro wanda har yau ban mayar ba. Ta ce bayan Sallah wata 'yar uwarta za ta taho mata da karkashi daga Maiduguri, na riga na ce a ajiye mini kwano biyu.